Wace kalma za mu sa wa intimate partner violence?

Da wannan kalmar ta Turanci, Hukumar Lafiya ta Duniya tana nufin duk halayyar miji ko mata ko masoyi, na yanzu ko wanda aka rabu da shi, da ke jawo illa a jiki ko a zuciya ko ta fuskar kwanciya. A ƙiyasin da ta fitar a 2021, kusan kashi 27 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 da suka taɓa aure ko soyayya sun gamu da duka ko tilastawa ta fuskar kwanciya daga abokin nasu. Ma'aikaciyar jinya a ɗakin awon ciki tana buƙatar kalmar Hausa da za ta yi tambaya da ita a kan wannan.

"Dukan mata" ya yi kaɗan, domin ya bar zagi da tsoratarwa da hana abinci, da mijin da yake hana matarsa zuwa asibiti alhali tana zubar da jini. "Rikicin ma'aurata" kuwa ya fi muni a ganina, saboda rikici yana nuna ɓangarori biyu masu ƙarfi ɗaya, kuma da zarar an ambace shi, abin da zai biyo baya shi ne "a yi haƙuri, zaman aure ne". "Cin zarafi a cikin gida" ya haɗa har da yara da 'yan aiki da surukai. Wasu na cewa "cin zarafin abokiyar zama", sai dai a bakin mata da yawa abokiyar zama kishiya ce.

Shawarata ita ce "cutarwa daga abokin aure ko na soyayya", a taƙaice "cutarwar abokin aure". Cutarwa ba baƙuwa ba ce a kotunan Musulunci, inda mazhabar Malikiyya ta yarda alƙali ya raba aure idan ta tabbata, don haka macen da ta ji kalmar ta san ana batun haƙƙinta ne. Ta kuma dace da harshen asibiti, tunda abin yana kai wa ga ɓari da haihuwar jariri marar nauyi da ciwon damuwa.

Inda kalmar ta gaza shi ne tsohon miji da ke bibiyar matar da ya saka, wanda sai an ƙara "ko bayan rabuwa". Masu aikin lafiya a Maraɗi da Damagaram, da wace kalma kuke tambaya a wajenku?