Neman shawara: ɗalibaina sun iya canji a kasuwa, amma da sun ga x sai su daskare

Malamin lissafi:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina koyar da lissafi a aji biyu na babbar sakandare, a wata makarantar jeka-ka-dawo, shekarata shida ke nan a aikin.

Akwai wani yaro a ajina da ke zama a rumfar POS ta yayansa idan an tashi daga makaranta. Rannan na tsaya cirar kuɗi a wurinsa, na tarar da mutum uku a kansa: wannan zai ciri dubu goma sha bakwai, wancan zai tura dubu arba'in, ga wata tsohuwa na neman canjin ɗari biyar. Duk ya sallame su, ko kallon kalkuleta bai yi ba. Washegari na rubuta 100x − 2,500 = 0 a allo na ce ya fito. Sai ya tsaya yana jujjuya alli kamar an damƙa masa garwashi.

Abin ya tsaya mini a rai. Shi ne na ware darasi ɗaya a mako don koya musu sha'anin kuɗi ta hanyar aljabra. Na fara da lissafin kuɗin ruwa tunda yana cikin manhaja. Mako biyu da farawa wani uba ya zo wajen shugaban makaranta, wai ina koya wa 'yarsa cin riba, ribar da aka haramta. Shugaba bai yi mini faɗa ba, cewa kawai ya yi in bi a hankali.

To ta ina zan faro? Me zan ce wa wannan bawan Allah? Kuma ga jarrabawa na tafe, ba na son in ci lokacin manhaja.

Ɗan kasuwa daga Kantin Kwari:

Wa alaikumus salam Malam. Ni ban yi nisa a boko ba, amma ka yi haƙuri in ce da wutsiya ka faro. Yaron da bai taɓa shiga banki ba, ina ruwansa da kuɗin ruwa? Faro da uwar kuɗi da riba.

Ka ba su wannan: na sari turmin atamfa dubu takwas, na sayar dubu goma. Kowa zai ce na ci dubu biyu. To na koma sari, na tarar turmin ya koma dubu goma da ɗari biyar. Riba na ci ko faɗuwa na yi? Wannan tambayar ta karya mutane da yawa a kasuwar nan tun da aka cire tallafin mai a 2023. Mutum yana ta ciniki yana murna, yana cefane da abin da ya ɗauka riba ce, bai ankara ba sai ya ga kanta ta yi fili. Uwar kuɗin yake ci. Idan x ɗinka zai iya nuna wa yaro wannan, ka gama masa komai.

Malama mai koyar da lissafi a makarantar 'yan mata:

Alhaji ya yi gaskiya. Malam, jumlar da ka rubuta a allo ai rumfar yaron ce, shi ne bai gane ta ba. Naira ɗari ita ce abin da yake samu a kan kowane mutum, 2,500 kuɗin data da takardar rasit da abinci da kuɗin wuri na yini, x kuma yawan mutanen da zai sallama kafin ya fita daga faɗuwa. Da baki ka tambaye shi, kafin ka rufe baki zai ce maka ashirin da biyar. Ka bari shi ya kawo lambobin, kai naka rubutawa. Sai ya ba da amsa sannan ka nuna masa cewa abin da ya yi a ka shi ne abin da ake rubutawa layi-layi.

Ni da adashe nake farawa, don babu yarinyar da ba ta san shi a gidansu ba. Mutum goma, kowa na zuba dubu ashirin a wata, kwasa dubu ɗari biyu. Sai in ce a watan farko buhun masara dubu hamsin ne, a wata na goma ya kai 62,500. Mai kwasar farko ta sayi buhu huɗu cif. Ta ƙarshe fa? Su raba su ga buhu uku da ɗan kai. Kuɗi ɗaya suka zuba, kuɗi ɗaya suka kwasa, ba wadda ta cuci wata, amma kusan buhu guda ya bi iska. Ranar da na fara yin wannan ajin kaurewa ya yi da musu, wata ta ce shi ya sa innarta ba ta yarda a ba ta kwasar ƙarshe. Daga nan nake shigo da hauhawar farashi. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce ya kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024, wato dubu ɗarin da aka ɓoye a ƙasan katifa shekara guda, abin da za ta saya kamar na dubu saba'in da huɗu ne kawai. Fomular kuwa ita ce dai ta ruwa kan ruwa, ba a canza ko harafi ɗaya ba.

Wani tarkon da suke yawan faɗawa shi ne harajin VAT, wanda ya koma kashi 7.5 tun Fabrairun 2020. Ka ce kaya da haraji sun tashi 10,750, nawa ne kuɗin kayan? Mafi yawansu za su cire kashi 7.5 daga 10,750 su kawo maka 9,943.75. Sai mai rubuta 1.075x = 10,750 ne zai samu dubu goma.

Tsohon malami, ɗan fansho:

Ɗana, ban ƙi ta taku ba, amma in ja maka kunne. Mai duba takardar WAEC ko NECO bai san adashe ba, da Turanci za a yi tambaya, kuma matakai ake ba maki. Na sha ganin malamai matasa sun mai da aji dandalin hira, yara na jin daɗi, sakamako ya fito babu kyan gani. Duk misalin da ka kawo, ka rufe shi da tsohuwar tambayar jarrabawa mai irin ƙirarsa, su warware a littafi. Kuma ba sai ka ware rana ta musamman ba. Riba da faɗuwa, kaso cikin ɗari, faɗuwar darajar kaya, duk suna cikin manhaja.

Malamin Islamiyya:

Malam, batun mahaifin yarinyar nan, kada ka ɗauke shi abokin gaba. Kishin addini ne ya kawo shi, kuma ya kyauta da yake duba littafin 'yarsa. Ka je ka same shi da kanka, ku zauna.

Ka tuna masa cewa kalmar aljabra kanta daga littafin Muhammad ɗan Musa Alkhawarizmi ta fito, Al-Jabr wal Muƙabala, wanda ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820, zamanin Halifa Ma'amun. Babban kaso na littafin a kan wasiyya da rabon gado yake. Ka gwada wannan a aji: mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza biyu, mata uku, iyayensa sun riga shi, kuma bayan an biya bashi saura naira miliyan takwas. Mata ta ɗauki tumuninta, wato ɗaya bisa takwas, miliyan ɗaya. Rabon 'ya mace shi ne x, na namiji 2x, sai a samu 4x + 3x = miliyan bakwai. Kowace mace miliyan ɗaya, kowane namiji biyu. Iyakarka masu sauƙi irin wannan dai, gado fanni ne mai zurfi, kada yaro ya je gida ya ce zai raba na kakansa. Zakka ma haka, ɗaya bisa arba'in, wato kashi 2.5.

Shi kuwa lissafin ruwan, wanda bai san shi ba shi ake yi wa wayo da shi. Masu ba da bashi ta waya za su ce karɓi dubu ashirin ka mayar da ashirin da huɗu bayan mako biyu. Yaro zai ga dubu huɗu ce kacal. Sa shi ya lissafa: kashi 20 a mako biyu, sau 26 a shekara, kashi 520 ke nan. Uban da ya ga wannan a littafin 'yarsa ba na jin zai sake zuwa ƙorafi. Ka kuma nuna musu yadda murabaha take, irin wadda bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa ke yi, kamar Jaiz da ya fara aiki a 2012: banki ya sayi kaya ya sayar maka da ribar da aka yanke tun farko, ka biya kaɗan-kaɗan, adadin ba ya ƙaruwa.

Ma'aikacin banki:

Ƙari a kan na Malam. Ka ba su misalin MMM, harkar zuba kuɗi ta intanet wadda ta yi wa mutane alkawarin kashi 30 duk wata kafin ta rufe asusun jama'a a Disambar 2016. Su ɗauki dubu goma su yi ta ninkawa da 1.3. Wata 12, kusan dubu 233. Wata 24, miliyan biyar da dubu ɗari huɗu. Wata 36, ta haura miliyan 126. Kada ka yi musu wa'azi, tambaya ɗaya za ka yi: wace sana'a ce ke haifar da wannan? Irin waɗannan suna dawowa duk bayan 'yan shekaru da sabon suna, kuma yanzu ta wayar yaran suke shigowa.

Wata uwa:

Malam, roƙo ɗaya. Don Allah kada ka ce su kawo lissafin cefanen gidansu ko albashin iyayensu. An taɓa ba ɗana irin wannan aikin, ya dawo yana kuka saboda abin da ya ji wasu sun karanto. Ka ƙirƙiri gida guda na kowa da kowa, ka ce maigidan na ɗaukar mafi ƙarancin albashi, dubu saba'in, su raba masa ita tsakanin abinci da haya da kuɗin mota.

Malamin lissafi:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na karɓi jan kunnen, na soke ranar musamman, kowane misali zai tafi da tambayarsa ta jarrabawa. Hajiya, in sha Allahu ba zan taɓa aljihun kowa ba.

Malama, yau na gwada taki. Na ce wa yaron ya ba ni lambobin rumfarsu, sai ya ce lissafina ba daidai ba ne, don ba kowa ake caja ɗari ba, mai cirar dubu biyar daban, mai dubu ashirin daban. Na ce to ya za mu rubuta? Ya yi shiru, can ya ce sai dai a sa wa ƙananan x, manyan a nemo musu wani harafin. Da hannunsa ya rubuta y. Har aka buga ƙararrawa suna gardama a kan ko kuɗin cajin waya na cikin kuɗin yini.

Mahaifin yarinyar kuma mun yi da shi zan same shi ranar Asabar bayan la'asar. Malam, ka turo mini misalin gado guda biyu masu sauƙi in tafi da su, ɗaya wanda uwar mamacin take raye.