Baƙon kwana 3 ya tafi da talabijin ɗina, ina mafita?

Mai gida a Gwarimpa:
Assalamu alaikum. Ina bayar da ɗaki biyu da falo haya ta kwanaki a Abuja. Wani saurayi ya kama kwana 3, ya ajiye dubu 50 kuɗin ajiya. Da mai shara ta shiga, babu talabijin, katifa kuwa duk ƙunar sigari. Wayarsa a kashe. Wallahi abin ya ci mini rai, da kuɗin adashi na sayi kayan nan.

Wani daga Kaduna:
Allah Ya mayar da alheri, Hajiya. In ta banki ya biya, sunan asusunsa na hannunki. Ki haɗa da rasit ɗin talabijin ki kai wa 'yan sanda.

Wata daga Kano:
Ta Airbnb, manhajar nan ta kama ɗakin haya na kwanaki, ya zo? Suna karɓar ƙorafin ɓarna cikin kwana 14 bayan fitar baƙo, amma sai da hotuna. Ni yanzu ba na miƙa makulli sai na ga katin ɗan ƙasa, na ɗauki bidiyon kayan a gabansa.

Mai gida a Gwarimpa:
A'a Yaya, dillali ne ya haɗa mu ta WhatsApp.

Wani daga Kaduna:
To dillalin za ki fara nema, shi ya san inda ya samo shi.