Sabon bugun Abbey Road: ya kai tsohon daɗi?

Ɗan Birni: Assalamu alaikum. Mahaifina ya bar mini kaset ɗin Abbey Road na ƙungiyar mawaƙan Ingila The Beatles, kundin da ya fito a 1969, amma zafin Damagaram da ƙura sun dushe sautinsa. Shin gyararren bugun 2019 ya cancanci saye?

Malamin Zango: Wa alaikumus salam, ɗana. Giles Martin, ɗan George Martin wanda ya shirya na farko, shi ya sake haɗa sautin, kuma yanzu ganguna suna fitowa tsaf, har kana jin motsin yatsa a kan tsirkiyar jita. Waƙoƙin gwaji da aka ƙara ma sun burge ni ƙwarai.

Hajiyar Sabon Gari: Ni dai, Malam, tsohon na fi so, domin da shi kunnena ya saba tun ina budurwa. Ɗana, kada ka yar da kaset ɗin mahaifinka.