Neman shawara: op-amp ɗina yana yanke siginal a LTspice

Sabon shiga: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na fara koyon gwada da'irar op-amp (IC mai ƙara ƙarfin siginal) a LTspice, manhajar gwada da'ira a kwamfuta. Na haɗa op-amp ɗin LM358, siginal yana shiga ta ƙafar +, resista 10k daga fitarwa zuwa ƙafar −, wata 1k daga ƙafar − zuwa giraun. Lissafi ya ce ninki 11. Wuta bolt 5 ce da giraun, siginal kuma SINE(0 0.5 1k). Abin da ke fitowa rabi ne kawai, ƙasa babu komai, saman kuma a shafe yake. Manhajar ce ke da matsala ko ni ne? Kuma wane tsari zan bi wajen koyo?

Malamin lantarki: Wa alaikumus salam. Manhajar lafiyarta ƙalau, lissafinka ma daidai ne, 1 + 10k/1k ya ba da 11. Op-amp ɗin ka nemi ya yi abin da wutarsa ba ta kai ba. 0.5 sau 11 shi ne 5.5, wato kana so fitarwa ta hau +5.5 ta sauka −5.5, alhali iyakarsa tsakanin 0 ne da 5. Rabin da ke ƙasa da sifili ba shi da inda zai je. Saman kuma, LM358 ba ya kaiwa wutar da aka ba shi, yana tsayawa kamar bolt 1.5 a ƙasanta, don haka za ka ga ya shafe a wajen 3.5.

Hanya mafi sauƙi ga mai koyo ita ce wuta biyu. Sa tushen wuta na +12 a ƙafar V+, na −12 a ƙafar V−, mahaɗarsu ta tafi giraun. Sake gwadawa da .tran 0 5m 0 1u, umarnin da ke nuna siginal bisa lokaci, za ka ga zagaye biyar cif, kowanne yana kai 5.5 sama da ƙasa. Wannan 1u na ƙarshe shi ne takun lokaci mafi girma. Idan ka bar shi babu, wani lokaci igiyar takan fito da kusurwa-kusurwa ka ɗauka matsalar da'ira ce.

Mai haɗa amfilifaya: Idan dole sai bolt 5 ɗin, misali za ka haɗa da Arduino, to sai ka ɗaga wurin zaman siginal daga sifili. Resista 100k daga 5 zuwa ƙafar +, 56k daga ƙafar + zuwa giraun, hakan ya ajiye ta a kusan 1.8. Na zaɓi 1.8 ba 2.5 ba saboda tsakiyar filin LM358 kenan, tunda samansa 3.5 ne. Siginal ya shigo ta kapasita 1µF. Sai abin da aka fi mantawa: ka sa kapasita 10µF tsakanin resistar nan ta 1k da giraun. In ba haka ba 1.8 ɗin ma za a ninka shi sau 11, fitarwa ta manne a sama. Da kapasitar, DC ninkinsa 1 ne, siginal ne kaɗai ke samun 11, kuma ninkin zai fara raguwa ne ƙasa da kusan 16 Hz. Rage siginal zuwa 0.1, fitarwa ta yi lilo tsakanin 0.7 da 2.9. Kana son filin ya kusa kai wa 5, koma op-amp ɗin MCP6002, amma shi kada ka wuce bolt 6.

Sabon shiga: Na gode malamai, wuta biyun ta yi. Yanzu na gwada .ac don ganin firikwensi, zanen ya fito babu komai.

Injiniya: Ɗan'uwa, SINE na .tran ne kawai, .ac ba ya kallonsa. Danna tushen siginal da maɓallin dama, ka sa 1 a gurbin AC Amplitude. Sai ka rubuta .ac dec 100 10 1Meg. Lura da Meg ɗin nan sosai: a SPICE, tsarin da LTspice ke bi, M da m duk mili ne, wato kashi ɗaya cikin dubu. Ka rubuta resista 1M, ka sa mili-om ɗaya kenan, kusan waya zalla. Miliyan sai 1Meg.

Za ka ga layi a kwance a 20.8 dB, shi ne 11 ɗinka, daga baya ya fara gangarowa. LM358 da op-amp ɗin 741 suna da GBW (ninki sau faɗin firikwensi) na wajen 1 MHz, ka raba da 11, faɗuwar 3 dB tana wajen 90 kHz ko ƙasa kaɗan. Mayar da 10k zuwa 100k, ninki ya zama 101, faɗin ya dawo kusan 10 kHz. Duk abin da ka ƙara a ninki, a faɗin firikwensi kake biya.

Amma kada ka yarda da .ac shi kaɗai. Yana ɗaukar da'irar tamkar miƙaƙƙiya ce, ba ya nuna yankewa; ka ba shi bolt 100 ma zai ninka maka ba gardama. Haka ba ya nuna saurin hawa da saukar fitarwa. Na 741 bolt 0.5 ne a kowace maikurosakan. Saurin da igiya ke bukata shi ne 2π sau firikwensi sau tsayinta, don haka igiya mai tsayin bolt 10 za ta fara komawa mai kusurwa uku daga wajen 8 kHz, alhali .ac na cewa komai lafiya har 90 kHz. Op-amp ɗin TL072 yana da kusan bolt 13 a kowace maikurosakan, shi ya sa masu aikin sauti suka fi son sa.

Malamin lantarki: Batun tsarin koyo: kafin ka danna Run, rubuta a takarda bolt nawa kake sa ran gani a kowace mahaɗa. Fara da .op, mai nuna bolt na DC a kowace mahaɗa, ka duba ƙafar + da ta −. Idan fidbak, wato abin da ake mayarwa daga fitarwa, yana komawa ƙafar − kuma fitarwa ba ta manne ba, dole su kusa zama ɗaya. Ka ga sun rabu da yawa, nan matsalar take. Bayan nan .tran, sannan .ac. Da'irori kuma ka bi su a jere: bafa mai ninki 1, mai juya siginal wanda ninkinsa −Rf/Rin ne, marar juyawa, mai tarawa, sai mai tace firikwensi.

Ka kiyayi alamar opamp mai ƙafa uku. Tana bukatar .lib opamp.sub, kuma ba ta da ƙafafun wuta, za ta fitar maka da bolt 500 idan lissafi ya ce haka. UniversalOpamp2 ya fi dacewa da mai koyo.

Injiniya: Ƙari kan samfurin LM358, idan daga shafin kamfani ka ɗauko shi: yi amfani da alamar opamp2, sunan da ka rubuta a Value ya zama daidai da wanda ke gaban .subckt a cikin fayil ɗin, harafi da harafi. Duba jerin ƙafafu ma. opamp2 yana sa ran +, −, V+, V−, fitarwa. Idan fayil ɗin ya jera su daban, sakamakon zai fito shirme ba tare da wani gargaɗi ba. Haka idan ka juya alamar da Ctrl+E ko Ctrl+R, sake duba ina + ta koma. Fidbak da ya tafi ƙafar + bisa kuskure yana iya ba da amsa mai kama da daidai a .op, sai a .tran fitarwa ta tsere ta manne a wuta.

Mai haɗa amfilifaya: Ranar da za ka sauke da'irar kan biredbod, allon gwada da'ira ta zahiri, sa kapasita 100nF daga kowace ƙafar wuta zuwa giraun, dab da IC ɗin. A kwamfuta wuta tsaf take, shi ya sa ba ka ga bukatarsu ba. LM358 op-amp biyu ne a gida ɗaya. Wanda ba ka amfani da shi, haɗa fitarwarsa da ƙafarsa ta −, ƙafar + kuma ka kai ta giraun idan wuta biyu ce, ko wurin 1.8 ɗin idan ɗaya ce.