Corolla ta na mis tun da na sha man bumburutu, a taimaka da shawara

Mai Corolla Ruwan Toka:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Motata ce ta sa ni a gaba. Corolla ce ƙirar 2006, injin 1.8, shekara huɗu tana hannuna ba ta taɓa kwana a gareji ba, in ban da juyen baƙin mai da gyaran birki.

Sati uku da suka wuce ina dawowa Kano daga Zariya da daddare, fitilar mai ta daɗe da kawowa, gidajen man da na wuce duk sun rufe. Wajen Kwanar Dangora dole na tsaya gun 'yan bumburutu na sha galan biyu. Tun washegari ta canza hali. In na tayar da ita da asuba sai ta kama karkarwa kamar mai zazzaɓi, har sitiyari na rawa. In na tsaya a danja tana sulo sai ka ce yanzu za ta mutu. Idan ta ɗau zafi takan ɗan lafa, amma da na taka totur zan hau gadar Ƙofar Nasarawa sai ta riƙa fizga, fitilar inji tana ƙyaftawa. Ga shan mai ya ƙaru, ga warin ɗanyen fetur a salansa.

Na kai wa bakanike, ya kasa kunne bai fi minti ɗaya ba ya ce nozil ne, masu fesa mai cikin inji, da famfon mai, a canza su duka. Kuɗin da ya yanka min ya haura albashina na wata. Na sayi maganin wanke nozil na zuba kwalba biyu a tanki, shiru kake ji. Tambayata: zan iya wanke hanyar man nan da kaina a gida? Kuma ta ina zan fara? Ina da 'yan sifanu, kuma ba na ƙyashin ɓata hannu.

Direban Haya Kano–Kaduna:
Wa alaikumus salam. Malam, ruwa ka sha, ba mai ba. Jarkokin nan a rana suke yini, a raɓa suke kwana, wasu kuma da gangan ake haɗi. Ka samo kwalba fara tas, ka zuƙo mai daga tankin ka ajiye minti goma. In da ruwa za ka gan shi ya kwanta a ƙasa, fetur a sama, da layi a tsakaninsu ƙarara. Mu da muka ga gurɓataccen man Fabrairun 2022, wanda aka ce methanol ya yi masa yawa, ba ma wasa da maganar mai.

Oga Rewaya:
Ɗan'uwa, kafin komai ka ajiye motar nan. Fitilar inji in ta tsaya cak tana ci, magana ce da za a iya jinkirtawa. In tana ƙyaftawa kuwa, cewa take yi akwai silindar da ba ta ƙona mai, wato tana mis, ɗanyen man yana gangarawa cikin katalis, matatar hayaƙin da ke jikin salansa, abin nan da 'yan gareji ke ce wa indomi. A can yake kamawa da wuta, in ka ci gaba da tafiya sai ya narkar da shi. Warin da kake ji a salansa ke nan.

Ban ƙi maganar Direba ba, a gwada kwalbar, ba ta cin ko sisi. Sai dai lissafin bai cika min ba. Galan biyu ka sha sati uku da suka wuce, kuma na tabbata ka sake shan mai a gidan mai tun daga lokacin. Sannan ruwa a tanki ba ya zaɓen silinda, duka huɗun yake rikitawa. Mota mai rawa a sulo, mai fizga in an ɗora mata nauyi a hawa, ni hankalina ya fi karkata ga wuta: filogi, ko kwayil ɗin da ke ba shi wuta. Sau da yawa abu yana nan yana jiran ranarsa, sai ya faɗo daidai da ranar da ka sha man bakin titi, sai a ɗora wa mai laifin.

Ga abin da za ka yi. A ƙarƙashin sitiyari akwai soket mai baki 16, nan ake jona na'urar karanta matsala. Ko 'yar ƙaramar nan ELM327 da ake haɗawa da waya ta isa. In ta ba ka P0301, silinda ta ɗaya ce ke mis, P0302 ta biyu, haka har P0304. In P0300 ce, mis ɗin yawo yake yi, to nan ne za mu koma kan mai da iska. Silinda ta ɗaya ita ce ta ɓangaren bel.

In ta nuna silinda guda, injinka 1ZZ ne, kowane filogi da kwayil ɗinsa a kai, ƙusa ɗaya mai lamba 10 ce ke riƙe da shi. Ka cire kwayil ɗin silindar da ake zargi ka yi musaya da na wata, ka goge lambar, ka ɗan zaga unguwa a hankali, ka sake karantawa. In mis ya bi kwayil ya koma sabon gida, ka kama ɓarawonka. In ya tsaya inda yake, ka yi wa filogi irin wannan musayar. In duk bai motsa ba, sannan a yi maganar nozil, in shi ma ya fita sai a auna ƙarfin matsin silindar.

Ɗan Auta:
Mai Corolla ka jefa kafur guda uku a tanki, wani abokina ya yi motarsa ta koma kamar sabuwa.

Oga Rewaya:
Kai Ɗan Auta, kafur na akwatin kaya ne. Kada wanda ya jefa komai a tankinsa, ko kafur ko man birki ko kananzir.

Hajiya Mai Sienna:
Malam, ka ji shawarar Oga. Ni an taɓa yi min irin wannan, aka ce nozil, na saya, aka ce famfo, na saya, ashe filogi ne jabu da aka sa min wata biyu kafin nan. Kuma don Allah in wani ya ce maka katalis ya toshe a fasa a zubar, kada ka bar wajen. Akwai ƙarafa masu tsada a cikinsa, sayar da shi ake yi. Tawa sai da na ji salansa na ƙara kamar gwangwani sannan na gane an kwashe.

Tsohon Bakanike:
Yaro, tunda wankin ka tambaya bari in ba ka shi, amma bayan ka gama abin da Rewaya ya ce. Shekaru na yi ina kwance kafireto kafin motocin nozil su cika gari, kuma har yau kuskuren mutane ɗaya ne: gaggawar kwancewa.

Maganin kwalba ba ƙarya ba ne, yana narkar da ɗan daskararren datti a bakin nozil in an zuba shi a cikakken tanki aka yi doguwar tafiya. Amma ba ya kwashe laka daga tanki, ba ya tayar da mataccen kwayil. Kwalba biyu sun isa haka.

Ka fara da abin da ba mai a cikinsa. Buɗe gidan iya kilina ka ɗaga matatar ka kalli rana ta cikinta. In haske ba ya ratsawa, ƙurar hunturu ta gama da ita. A jikin murfin akwai na'urar auna iska, sukuru biyu ke riƙe da ita. A cikinta akwai siririyar waya kamar gashi. Feshinta na musamman ne, kada ka sa mata na kafireto, kada ka taɓa ta da tsumma ko tsinke. Ka fesa, ka bari ta bushe, ka mayar.

Nozil kuma ana iya jin lafiyarsa ba a cire ba. Mota na sulo, ka ɗora bakin dogon sukundireba a jikin kowanne, ka kara kunnenka a ƙotar. Mai rai za ka ji shi yana ƙas-ƙas-ƙas a jere. In kana da mita, ka zare soket ɗinsa inji a sanyaye ka auna, na wannan injin wajen om 13.4 zuwa 14.2 ne. Wanda ya bambanta da 'yan uwansa sosai shi ne abin zargi.

In ya zama dole ka cire su, to a nan ne ake ƙonewa. Man da ke cikin bututun a matse yake ko mota a kashe. Ka ɗaga kujerar baya, akwai murfi a ƙasa, ka zare soket ɗin famfon mai, ka tayar da mota ka bar ta har ta mutu don kanta. Sannan ka cire kan batir na baƙar waya. A fili za ka yi, ba a cikin rumfa ba, ba kusa da janareta ko murhu ba, kuma mai shan sigari ya yi nisa. Ka sa tsumma ka tare abin da zai zubo.

In ka zaro su, ka haɗa bututun feshin kafireto da bakin nozil, kana fesawa wani yana ɗan taɓa masa ƙaramin batir mai bolt 9, taɓawa da saki, ba a riƙewa. Ku yi amfani da doguwar waya don tartsatsin ya yi nisa da feshin. Mai lafiya hazo yake fitarwa, kuma da an saki ya ɗauke ɗif. Wanda ke tsiyaya kamar famfon da ya lalace, ko yake ɗiga bayan an saki, wanki ba zai yi masa ba. Robobin bakinsu kuwa sababbi za ka sa, ka shafa musu ɗan mai kafin ka tura. Tsohuwar roba ɗaya da ta tsage ta isa ta sa fetur ya ɗiga a kan inji mai zafi.

Famfo kuma kada wanda ya sayar maka da shi da kunne. Agogo ake jonawa, ya kamata ya nuna tsakanin 44 da 50 psi. A wannan motar matatar mai tana cikin tanki tare da famfon, don haka in kwalbar Direba ta nuna ruwa ko laka, ta wannan murfin na ƙarƙashin kujera za a zaro famfon, a tsane tankin, a canza rariyar da ke gindinsa. Kuma ka daina bari fitilar mai tana kawowa kana tafiya, man da ke tanki shi ke sanyaya famfon.

Mai Corolla Ruwan Toka:
Jama'a Allah ya saka da alheri, na dawo da rahoto. Na ari na'urar wajen maƙwabcina, ta ba ni P0303 da P0171. Man da na zuƙo ya yini a kwalba, ba ruwa, sai ɗan baƙin datti a ƙasa. Na sauya kwayil na uku da na ɗaya, na zaga layinmu sau biyu, sai ga P0301. Wallahi sai da na yi dariya ni kaɗai. Amma da na zaro na ukun, robarsa jiƙe take sharkaf da baƙin mai, na haska ramin filogin da fitilar waya, ga mai nan ya kwanta.

Oga Rewaya:
Madalla. Gaskit ɗin murfin inji ne ya saki, wato robar da ke hana baƙin mai yoyo, shi ya jiƙa kwayil ɗin har ya kashe shi. In ka sa sabo ba ka canza gaskit ba, shi ma haka zai bi. Ka tsane man ramin kafin ka kwance filogin, kada ya zuba cikin silinda, kuma inji a sanyaye. Filogi ka nemi Denso SK16R11 ko NGK IFR5A11, ka buɗe ido a kasuwar Ƙofar Ruwa don jabunsu sun fi na gaske yawa a ido. Kwayil kuwa na fi yarda da Denso ɗan Beljiyam a kan sabo marar suna.

P0171 na nufin iska ta fi mai yawa. Ka wanke na'urar iskar kamar yadda Baba Tsohon Bakanike ya ce, ka goge lambar, ka yi kwana uku. In ta dawo, musamman da sanyin safiya, to gaskit ɗin manifol na shigar iska ne, sananniyar cuta ce a Corolla ta 2003 zuwa 2008.

Direban Haya Kano–Kaduna:
To na ji, kwayil ne. Amma baƙin dattin nan na kwalba fa, daga sama ya faɗo? Ni dai a canza rariyar famfon.

Mai Corolla Ruwan Toka:
Za a canza, Direba, in an yi albashi. Yau na sa gaskit da kwayil da filogi huɗu, na wanke na'urar iska. Na hau gadar Ƙofar Nasarawa da yara a baya, ko gezau ba ta yi ba. Nozil ban taɓa su ba. Oga Rewaya, gobe da asuba zan sake jona na'urar in ga ko P0171 ta dawo.