Asibitin Gobe: Da Manhaja Za A Fara Ko Da Fayil?

Mai buɗe muhawara: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ga maganar da na kawo, kuma ina kanta: duk ƙasar da ke tsara makomar asibitocinta, ta fara zuba kuɗi a manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu gano cuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi hasashen giɓin ma'aikatan lafiya kusan miliyan 10 zuwa 2030. Horar da likita shekaru yake ci. A 2021 hukumar ta amince kwamfuta ta riƙa karanta hoton ƙirji don tantance tarin fuka. To me ake jira?

Likitan hoto: Wa alaikumus salam, Malam. Tantance tarin fuka na yarda da kai, yana aiki. Amma a yi hattara da alkawuran masu fasaha. A 2016 Geoffrey Hinton, masanin ƙirƙirarriyar basira, ya ce a daina horar da likitocin hoto, wato mu masu karanta hotunan cikin jiki, wai cikin shekara biyar kwamfuta za ta fi su. Yau asibitoci neman mu suke ruwa a jallo. Ƙasar da ta ɗauki shawararsa a lokacin, da yanzu tana cizon yatsa.

Ma'aikaciyar jinya: Dakta, bari in ɗora. Google ya gwada manhajarsa mai gano lahanin da ciwon suga ke yi wa ido a wasu asibitocin Tailan. A ɗakin gwaji ta yi zarra. Da ta isa hannun ma'aikatan jinya, sai ta ƙi karɓar kusan ɗaya cikin biyar na hotunan, yawanci saboda hasken ɗakin bai dace ba, ga intanet na tafiyar hawainiya. Majinyaci na zaune, layi na ƙara tsawo. Mu ne ke fuskantar wannan layin, shi ya sa nake son a tambaye mu tun kafin a sa hannu a kwangila.

Mai buɗe muhawara: Hajiya, ai matsalar haske da intanet ce wannan, gyara ta ba wuya. Kada ta sa mu yi watsi da abin da zai ceci idon mutane.

Injiniyan kwamfuta: Nan muka rabu, Malam. Abin da kake cewa ba wuya shi ne aikin gaba ɗaya. Manhaja da bayanai take rayuwa. In tarihin majinyaci na warwatse a katunan asibiti uku, sakamakon gwajin jininsa na wani waje, da me za ta yi hukunci? Ƙasar Estoniya ta buɗe fayil ɗin lafiya na ƙasa, wato rumbun kwamfuta da ke haɗa tarihin kowane majinyaci, a 2008, takardar magani ta kwamfuta a 2010. Yau kusan duk maganin da likita ya rubuta can ta wannan hanyar yake bi. Da tushe suka fara.

Likitan hoto: Injiniya, fayil ɗin ma ba tsira ba ne. Ingila ta ƙaddamar da gagarumin shirin haɗa bayanan majinyata a 2002, aka rushe shi a 2011, kuɗin da ya lashe ya kusa fam biliyan 10. Daga sama aka tsara shi, ba a saurari likitocin da za su yi aiki da shi yadda ya kamata ba.

Injiniyan kwamfuta: Gaskiya ne. Ga kuma masu kutse. A Mayun 2017 harin wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ya kulle kwamfutocin asibitocin Ingila, aka soke alƙawuran ganin likita kusan 19,000, domin ba a sabunta na'urorin ba. Don haka kasafin tsaron kwamfuta da na horarwa su shiga tun ranar farko.

Mai buɗe muhawara: To amma mai tari da ke jiran a duba hotonsa fa? Ya jira shekara goma a gama haɗa fayil? Manhajar hoton ƙirji ba ta buƙatar fayil ɗin ƙasa kafin ta yi aiki.

Ma'aikaciyar jinya: Ba ta buƙata, Malam, a kawo ta. Sai dai in ta ce akwai alamar cuta, dole a gwada majinarsa, a ba shi magani na wata shida, a bi sawunsa kada ya yanke. Ka nuna min a tsarinka wa zai yi wannan, kuma a ina za a rubuta.