Mento da kansila: wace kalma za mu sa wa masu karatu daga gida?

Salamu alaikum jama'a, ina neman taimakonku kan kalmomi biyu da suka tsaya min a wuya tun shekaranjiya. An ba ni wata 'yar sanarwa in mayar Hausa don ɗalibai masu karatu daga gida, irin waɗanda ke haɗa digiri da aiki ko da aure ko da kasuwa, kuma duk na gama sai wurare biyu, wato abin da Turawa ke ce wa mento, wanda ya riga ɗalibi bin hanya yake nuna masa, da kuma wanda suke ce wa kansila, mai sauraron damuwar ɗalibi. Ba na so in rubuta su da Turanci in wuce, don wanda aka yi sanarwar dominsa shi ne zai tsallake layin bai karanta ba. Wasu a cikinku sun riga sun kawo min shawarwari, zan bi su ɗaya bayan ɗaya.

Bari in faɗi dalilin da ya sa na ɗauki abin da zafi. Karatu daga nesa ba baƙo ba ne a wurinmu, cibiyar horar da malamai ta ƙasa, NTI ta Kaduna, tun 1976 take horar da malaman makaranta ta wannan hanya, jami'ar karatu daga gida ta NOUN kuma an kafa ta 1983 zamanin Shagari, soja suka dakatar da ita 1984, sai da Obasanjo ya dawo aka farfaɗo da ita, ga ABU Zariya ma da tata cibiyar. Amma ɗalibin irin wannan karatu ba shi da hostal, ba shi da abokin benci da zai ce masa kai jiya ban gan ka a lakca ba lafiya dai. Akwai wata 'yar'uwata mai 'ya'ya uku, sai ta kwantar da yara ƙarfe goma sha ɗaya na dare sannan ta ɗauko waya ta buɗe fotal, wato shafin makaranta na intanet, wata rana ana saura kwana ɗaya a rufe karɓar asamen, aikin gida da ake ba su, data ta ƙare mata, wuta babu, cajin ya mutu, na same ta da safe zaune bakin murhu shayi yana ta ƙonewa ba ta ma ji ƙaurin ba, ta ce min ita kam ta haƙura da karatun nan, ƙila kanta ne ba ya ja. Kanta kuwa ras yake wallahi. Abin da ta rasa mutum ne wanda ya taɓa bin hanyar, da kuma wanda za ta zazzage wa cikinta ba tare da maganar ta zaga dangi ba. Aiki biyu ne daban, shi ya sa nake neman kalma biyu.

Toh mu fara da mento. Asalinta ma sunan wani dattijo ne a tsohon labarin Girkawa, wanda abokinsa ya bar wa amanar ɗansa da zai tafi yaƙi, kun ga ke nan tun tushe maganar amana ce.

Malam da ka kawo ubangida, na gode Allah ya ƙara sani, amma ka duba yadda muke amfani da ita yau. In an ce wane ubangidan wane ne, abin da ke zuwa rai shi ne mai ba shi kuɗin cefane, mai samo masa kwangila, shi kuma yana bin sa da ranka ya daɗe. Ɗalibi zai ɗauka an haɗa shi da wanda zai biya masa kuɗin rijista. Uwarɗaki ta fi ta taushi sosai, duk wadda ta yi makarantar kwana ta 'yan mata ta san uwarɗaki da 'yarɗaki, amma ita ma akwai hidima da kyauta a cikinta, kuma ba ta hawa bakin maza.

Murabbi da Alaramma ya kawo, ma'anarta ta zauna daram, mai reno, mai tarbiyya, babu kalmar da ta kai ta zurfi. Sai dai gidanta zawiya ne, kuma masu karanta sanarwar nan akwai Kiristoci masu jin Hausa daga kudancin Kaduna da Filato da Bauchi, akwai ma Musulmin da bai taɓa jin ta ba. Amma Alaramma ka tuna min da wani abu, a tsangaya ai akwai wannan tsari tun tuni, gardi shi ke kula da kolo, shi ke duba masa allo kafin ya kai wa malam. Wato wanda ya ɗan riga ka, ba wanda ya fi ka nesa ba.

Nan ne zuciyata ta karkata ga abin da Anti ta rubuto: yayan karatu. Na yi ta maimaita ta a baki kuma ta zauna. Yaya namiji ne yaya mace ce, ba sai an canza komai ba. Yaya ba ya ba ka maki, ba ya kayar da kai jarrabawa, don haka ba ka jin nauyin ce masa ban gane ba, amma yana da ikon ya kira ka ya ce ƙanena ka yi rijistar kwas ɗin nan kuwa, saura kwana huɗu fa. Kuma wanda ake kula da shi sunansa ya fito da kansa, ƙanen karatu, ƙanwar karatu. Matar aure za ta iya gaya wa maigidanta yayata ta karatu ce ta kira, ba wata fuska da zai canza.

In kuma lakcara ne aka ɗora wa aikin ba ɗalibi ba, sai mu ce jagoran karatu. Na san 'yan siyasa sun kwashe jagora sun mayar da ita shugaba, amma ku tuna asalinta, yaron da ke riƙe bakin gora yana gaba makaho na biye, in an zo kwata ya tsaya ya ce a ɗaga ƙafa. Ba ya ɗaukar mutum, tafiyar ta mai ita ce.

Ta biyun ce ta fi ba ni wuya. Kansila dai ba za ta yiwu ba kwata-kwata, kowa zai ɗauka kansilan mazaɓa ake nufi. Wani ya ce likitan ƙwaƙwalwa, ɗan'uwa don Allah a'a. Ranar da aka liƙa wannan a ƙofa ba mai shiga, don mutanenmu da sun ji ƙwaƙwalwa sai asibitin masu taɓin hankali na Dawanau ko Barnawa ko Kware ya faɗo musu, wa zai yarda a gan shi yana fitowa daga nan a ce ya taɓu. Kuma ma ba daidai ba ne, shi wannan jami'i ba ya rubuta magani, saurare yake yi, ya taya ka warware abin da ya cukuikuye maka, in ya ga alamar abin ya wuce shi, kamar tsananin damuwar da ke hana barci da cin abinci makonni ko mutum ya fara maganar gara ya mutu, sai ya miƙa ka asibiti. Likitocin can suna da muhimmanci ƙwarai, amma ƙofar farko ba sunansu za ta ɗauka ba.

Mai nasiha ma na ajiye ta. Nasiha daga sama take saukowa, mai yi na magana kai kana sunkuye, ƙarshenta a ce ka yi haƙuri. 'Yar'uwar nan tawa an sha ce mata ta yi haƙuri, abin da ba a yi ba shi ne a yi shiru a bar ta ta yi magana.

Hajiya ta kawo abokin shawara, har da karin maganar nan ta abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa. Gaskiya ta taɓa ni Hajiya, ruhin aikin ke nan. Matsalata ɗaya ce, a ce matar aure tana da abokin shawara a cibiyar karatu, kin san yadda za a juya ta. Shi ya sa na fi son malamin shawara da malamar shawara, akwai girma a ciki, akwai tazara, kuma an san aikinsa ne aka horar da shi a kai ba kutse ba.

Sunan ofishin da malamin shawara zai zauna kuma, don Allah kar a sa kalmar tallafi a ciki. Yau in aka rubuta tallafi layi za a ja da katin shaida a hannu ana jiran shinkafa ko alat. Na so zauren shawara, sai Baba ya tunatar da ni cewa zaure kowa na ratsawa, maganar sirri a ɗaki ake yin ta, kuma gaskiyarsa.

Ga abin da zan miƙa gobe in Allah ya kai mu: yayan karatu, jagoran karatu, malamin shawara ko malamar shawara, ofishin kuma ɗakin shawara da kwanciyar hankali, a ƙasansa in ƙara layi ɗaya cewa duk abin da aka faɗa a nan amana ne, kuma ana iya kira ta waya ba sai an zo ba, tunda wasu daga ƙauye suke, kuɗin mota kaɗai ya isa ya hana su. Mutanen Sakkwato da Katsina da na Damagaram, in yaya ba ta zauna a bakinku ga namiji ba ku gaya min kafin azahar, sai in sa kalmar wa ga namiji da ya ga mace a gefenta.